Yadda Ake Sa Manhaja Ta Hango Saɓulewar Tiredin Bol da Noti Tun Kafin a Ɗaure

Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san wannan lokacin. Kana ɗaure bol, nauyi yana ƙaruwa a hannunka, sai kawai nauyin ya tafi, sifana ta riƙa juyawa sakayau. Makanikai sukan ce tiredi ya cinye. Abin da ya faru a ciki shi ne haƙoran tiredin sun yanke daga tushe sun saɓule, wani lokaci ma in ka zaro bol ɗin za ka ga zaren ƙarfe ya nannaɗe a jikinsa kamar waya. Wannan da sauƙi, tunda ka ji a hannunka ka kuma gani da idonka. Mai haɗarin shi ne wanda bai saki gaba ɗaya ba: haƙori biyu ko uku sun tsage a ciki, sifana ta nuna adadin da ake nema, an rufe inji an tafi, sai ranar da kaya ya hau kansa ya sake.

Saboda haka ne masu lissafin ɗauri suke da wata manufa da kan ba sabon shiga mamaki. Suna cewa in har za a wuce ƙima wajen ɗauri, to bol ne ya kamata ya fara karyewa, kada tiredi ya riga shi. Karyewar bol da ƙara take zuwa, nan take kowa ya sani, a cire a sa wani. Saɓulewar tiredi kuwa a ɓoye take tafiya, haƙori bayan haƙori, in kuma a jikin babban ƙarfe aka yanka tiredin, kamar gangar inji ko akwatin giya, asarar ta wuce ta bol ɗaya nesa ba kusa ba. To aikin manhajar da za mu yi magana a kanta shi ne amsa tambaya guda: cikin abu uku, karyewar bol, saɓulewar tiredin bol, da saɓulewar tiredin noti ko na rami, wanne zai fara faruwa, kuma a kan wane nauyi?

Don kada mu rikice a gaba: tiredin da ke jikin bol zan kira shi namijin tiredi, na cikin noti ko na cikin ramin da aka yanka da taf, wato ƙarfen yanka tiredi a cikin rami, kuma macen tiredi. Tsawon wurin da su biyun suka haɗu suka riƙe juna shi ne tsawon kamu.

Abin da ke ƙarƙashin manhajar

Kafin ka latsa komai, ya kamata ka san lissafin da manhajar take yi a bayan fage. Mafi yawansu kan tushe ɗaya suke tsaye, wato aikin da E. M. Alexander ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE a 1977. Shi ya fitar da hanyar kwatanta waɗannan nau'o'in lalacewa uku, kuma a kan hanyarsa aka gina tsayi da taurin notin da ke cikin ƙa'idar ISO 898-2. Rahoton ISO/TR 16224 na 2012 ya bayyana yadda aka yi hakan. Ƙa'idar VDI 2230 ta ƙungiyar injiniyoyin Jamus, wadda ita ce aka fi bi wajen lissafin ɗauri mai ɗaukar nauyi, ita ma ta ɗauki wannan tunani. Tana da matakai daga R0 zuwa R13, kuma R11 shi ne na gano mafi ƙarancin tsawon kamu.

Lissafin kansa ba mai wuya ba ne. Nauyin da zai karya bol shi ne ƙarfin jure ja na ƙarfensa sau faɗin cikinsa a wurin tiredi. Nauyin da zai saɓule tiredi kuwa shi ne ƙarfin jure yanka na ƙarfen sau faɗin filin da za a yanke, sannan a gyara shi da wasu lambobi uku da ake kira C1, C2 da C3. Wuyar tana wajen lambobin da za ka ciyar da shi. Abin da ka shuka a cikin manhaja shi za ka girba.

Mataki na farko: zaɓi kayan aikin da ya dace da tambayarka

Manhajojin kashi biyu ne. Akwai masu bin ƙa'ida, waɗanda ke ba da amsa cikin daƙiƙa: KISSsoft, MDESIGN, eAssistant, SR1 na kamfanin HEXAGON, BOLTCALC na Bolt Science, da MITCalc da ke aiki a cikin Excel. Akwai kuma masu gutsuttsura siffar ƙarfe zuwa ƙananan yankuna su lissafa kowanne, abin da ake kira FEA, irin su Ansys da Abaqus, ko CalculiX da Code_Aster waɗanda kyauta ne. Shawarata ka fara da na farko ko da kana da na biyu. In tiredinka na mita ne ko na inci na yau da kullum, ƙarfen kuma sananne ne, manhaja mai bin ƙa'ida ta fi zama abin dogaro, domin lambobinta daga gwajin gaske aka samo su. Abin da za ka duba kafin ka amince da ita: shin tana bari ka shigar da ajin sassaucin awo na tiredi (za mu zo kansa a mataki na biyu), tana nuna C1, C2 da C3 a fili, tana kuma faɗin ƙa'idar da ta bi da shekarar bugunta? Wadda take fito da launin kore ko ja kawai ba tare da nuna hanya ba, ni ba na sa hannu a kan amsarta.

Mataki na biyu: shigar da tiredin da za a ƙera, ba na cikin littafi ba

A nan aka fi yin tuntuɓe, don haka bari mu zauna a kansa. Mu ɗauki bol M10 mai tazarar tiredi, wato nisan haƙori zuwa haƙori, milimita 1.5. A takarda kaurinsa milimita 10 ne. Amma ba a ƙera bol da noti su cika awo cif, don da an yi haka ba za su shiga juna ba. Ƙa'idar ISO 965 ta ba da sassauci, kuma ajin da aka fi amfani da shi shi ne 6g ga namiji, 6H ga mace. A ajin 6g, kaurin waje na M10 yana tsakanin 9.968 da 9.732. Kaurin tsakiyar haƙorinsa zai iya sauka har 8.862. A ɓangaren mace, kaurin tsakiyar haƙori zai iya buɗewa har 9.206, ƙaramin faɗin ramin kuma har 8.676. Duk waɗannan kaya ne masu kyau da za su wuce bincike. To a ranar da siririn bol ya haɗu da rami mai faɗi, haƙoran ba sa shiga juna sosai.

Ga bambancin a lamba. In ka yi lissafi da awon littafi, filin yanka na macen tiredi milimita murabba'i 27.5 ne a kowace milimita ta kamu. In ka yi da mafi munin haɗuwa ta 6g da 6H, sai ya dawo 21.5. Na namiji kuma daga 19.7 ya dawo 15.6. Fiye da kashi 20 cikin 100 na ƙarfin ya tafi tun ba a taɓa sifana ba. Saboda haka ka tabbatar manhajar tana kan zaɓin mafi munin awo, ba matsakaici ba.

Sai ka tambayi abin da zai hau kan tiredin. Bol ɗin da aka tsoma a narkakken zinki yana ɗauke da rufi mai kauri, shi ya sa ake buɗa tiredin notinsa fiye da 6H, kamar ajin 6AZ da ƙa'idar ISO 10684 ta tanada. Zinki yana cike gurbin, amma ba ya ɗaukar nauyi kamar ƙarfe. In ka bar manhaja a kan 6H alhali notin na buɗaɗɗen aji ne, amsarta ta fi gaskiya daɗi. Haka ma batun huda. Taf mai yanka na M10 yana son rami na milimita 8.5. In mai aiki ya huda 8.8 don taf ya shiga da sauƙi, ramin ya fita daga 6H, kuma lissafinka ba na wannan ramin ba ne. Taf mai murza ƙarfe ba tare da yanka ba kuwa dama ramin da ya fi faɗi yake buƙata, kusan 9.3, kuma a ƙarfe mai laushi tiredin da yake fitarwa yakan fi ƙarfi. Ka san wanne za a yi amfani da shi.

Mataki na uku: bol mafi ƙarfi, rami mafi rauni

Wannan yana juya tunanin da aka saba da shi. A sauran lissafi, mafi ƙarancin ƙarfin kaya ake ɗauka don a kasance cikin aminci. A nan kuwa, tunda so kake bol ya riga tiredi lalacewa, bol mai ƙarfi fiye da ƙima shi ne abin tsoro. Bol na ajin ƙarfi 8.8 a ƙa'idar ISO 898-1 yana da mafi ƙarancin ƙarfin ja na megafaskal 800, wato MPa 800, in bai wuce M16 ba. Amma ƙa'idar ta yarda taurinsa ya kai HV 320 a ma'aunin tauri na Vickers, wanda ya yi daidai da sama da MPa 1000. Wanda ke hannunka zai iya kasancewa ko'ina a tsakani. Shi ya sa ake ƙara kashi 20 cikin 100 a kan ƙarfin takarda idan ana lissafin tsawon kamu.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa musanya 8.8 da 12.9 ba tare da lissafi ba ke jawo matsala. Mutum yana ganin ya ƙara inganci, alhali ya ɗauke rauni daga bol ya mayar da shi cikin rami. Mafi ƙarancin ƙarfin 10.9 MPa 1040 ne, na 12.9 kuma 1220. In noti ne, ajinsa ya dace da na bol: noti aji 8 ga bol 8.8, aji 10 ga 10.9. Siraran notin nan masu lamba 04 da 05 ba a yi su don ɗaukar cikakken nauyin bol ba.

A ɓangaren mace, ƙarfin jure yanka ake buƙata, kuma sau da yawa takardar kaya ba ta ba da shi, sai na ja. Alexander ya ɗauki 0.6 na ƙarfin ja ga ƙarfe irin na bol da noti. Kada ka kwashi wannan lamba ka kai ko'ina. Alminiyam na zubi yakan zo ƙasa da haka, baƙin ƙarfen zubi mai launin toka kuma ƙarfin yankansa ya fi na jansa. Manhaja mai kyau tana da jadawalin wannan, ka duba abin da ta zaɓa maka. In wurin zai yi zafi, shigar da ƙarfin kayan a wannan zafin, domin alminiyam yana rasa ƙarfi tun a zafin da bol na ƙarfe bai ma san ana yi ba, ga shi kuma yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe, abin da ke ƙara jan da ke kan bol.

Mataki na huɗu: tsawon kamu na gaskiya

Zurfin rami daban, tsawon kamu daban. Bakin rami akan fiƙe shi don bol ya shiga, kan bol ma a fiƙe yake, kuma haƙoran da ke waɗannan wurare ba cikakku ba ne. A ramin da bai ɓulle ba, haƙoran ƙarshe na ƙasa ma rabi-rabi ne saboda tsinin taf. Wasu manhajoji suna cire wannan da kansu, wasu suna jira ka cire. Ka karanta bayanin akwatin da kake cikewa, kada a cire sau biyu, kada kuma a ƙi cirewa sam. Ka tuna da sassaucin tsawon bol, da kaurin washa, da kaurin farantin da ake ɗaurewa: duk milimitar da suka ci, daga kamu aka ɗebe ta.

Mataki na biyar: duba lambobin gyara uku

Haƙorin tiredin mita yana da kusurwar digiri 60, don haka idan aka ja bol, gangaren haƙorin yana tura bangon noti waje kamar yadda tsinke ke buɗa itace. Noti ya ɗan kumbura, kamu ya ragu. C1 ke auna wannan, kuma ya dogara ne da faɗin noti a kan kaurin bol. In rabon ya kai 1.9 ko fiye, C1 ɗaya ne, ba asara. Notin M10 na ISO 4032 faɗinsa milimita 16 ne, rabon 1.6, C1 kuma 0.91. In rabon ya gaza 1.4, lissafin ya fita daga iyakarsa gaba ɗaya. Wannan ya shafi ramin da aka yanka kusa da gefen ƙarfe ko a cikin siririn tudu na kayan zubi. Mutane sukan zaɓi "rami a cikin babban ƙarfe" a manhaja, alhali bangon da ke kewaye da ramin bai fi milimita biyu ba.

C2 da C3 na lanƙwasar haƙora ne, C2 na namijin tiredi, C3 na mace. Idan nauyi ya yi yawa haƙoran suna sunkuyawa, filin da ke riƙe da juna ya canza. Lambobin sun dogara da rabon ƙarfin macen tiredi a kan na namiji, kuma suna iya sauka har 0.897, wato asarar kusan kashi 10. Ba sai ka haddace dogon lissafinsu ba, amma ka duba rabon da manhaja ta fitar: hanyar Alexander tana aiki ne tsakanin 0.4 da 2.2. Bol 12.9 a cikin roba ko alminiyam mai laushi sosai zai iya faɗawa ƙasa da haka.

Mataki na shida: bi manhajar da biro da takarda sau ɗaya

Ban taɓa ganin dalilin tsallake wannan ba, minti biyar ne. Mu ce bol M10 aji 8.8 zai shiga rami a cikin kaurin alminiyam 6061-T6, wanda ƙarfin yankansa ya kai kimanin MPa 200. Faɗin cikin bol a wurin tiredi milimita murabba'i 58 ne. Ƙarfinsa mafi girma, 800 sau 1.2, ya zama 960. Nauyin karya shi kenan 58 sau 960, wato newton 55,700. Kowace milimita ta kamu a alminiyam tana riƙe 21.5 sau 200, wato newton 4,300. C1 ɗaya ne tunda ƙarfen da kauri, C3 kuma ya ɗan haura ɗaya kaɗan, mu bar shi ɗaya. Raba 55,700 da 4,300, ka samu kusan milimita 13 na cikakken tiredi. Ƙara tazara biyu, milimita 3, saboda fiƙen baki da na kan bol, ya zama 16.

Yanzu dubi abin da wanda ya bar manhaja a kan awon littafi da mafi ƙarancin ƙarfin bol zai samu: newton 46,400 a raba da 5,500, milimita 8.4 kacal. Manhaja ɗaya, bol ɗaya, amma amsa ɗaya ta kusa ninka ɗayar. In kuma alminiyam ɗin na zubi ne mai ƙarfin yanka MPa 120, kamun da ake buƙata ya haura milimita 21 tun kafin a ƙara na fiƙe. Tsohuwar dabarar nan ta cewa kamu ya kai kaurin bol sau ɗaya a ƙarfe, sau biyu a alminiyam, tana da amfani a matsayin ma'aunin ido, amma ka ga inda za ta iya gazawa.

In amsarka ta hannu da ta manhaja sun yi nisa da juna fiye da kashi 10 cikin 100, tsaya ka nemo dalili kafin ka ci gaba. Galibi wani akwati ne aka bari a kan zaɓin da ya zo da shi.

Mataki na bakwai: faɗa mata yadda za a ɗaure

Mafi yawan bol ba sa ganin nauyin da ya fi na lokacin ɗauri a duk rayuwarsu, kuma a lokacin ne tiredi ya fi saɓulewa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin murɗi gogayya ce ke cinye shi, a ƙarƙashin kan bol da cikin tiredi, ragowar ne ke zama ja. Don haka ɗan canji a santsi yana kawo babban canji a ja. A lissafi mai sauƙi, ja shi ne murɗi a raba da kaurin bol sau lambar gogayya K. Murɗin newton-mita 49 a kan busasshen M10 mai K na 0.2 yana ba da newton 24,500. Shafa masa giris K ya sauka 0.12, murɗin nan dai zai ba da newton 40,800, alhali nauyin da aka tabbatar bol ɗin zai ɗauka ba tare da ya miƙe ba 33,700 ne. Sifana ba ta yi ƙarya ba, hannu ma bai yi kuskure ba, giris ne kawai ba ya cikin lissafi.

Manhaja mai bin VDI 2230 za ta nemi mafi ƙanƙanta da mafi girman gogayya, da kuma lambar warwatsuwar ɗauri. Sifana mai awon murɗi tana da kusan 1.4 zuwa 1.6, bindigar ɗauri mai bugu kuwa 2.5 zuwa 4. Zaɓi abin da za a riƙe a hannu a wurin aiki, ba abin da kake fata ba. In aikin mai muhimmanci ne, a auna gogayyar da gwaji irin na ISO 16047 a kan ainihin bol da rufinsa da mansa.

Mataki na takwas: karanta sakamako, ka gyara inda ya dace

Jera nauyin ukun. Na karyewar bol ya zama mafi ƙanƙanta, da tazara mai kyau. In macen tiredi ce ke ƙasa, hanya mafi araha ita ce ƙara tsawon kamu. Sai dai kada ka ɗauka ƙarin ba shi da iyaka. Tun 1948 D. G. Sopwith ya nuna cewa haƙora ba sa raba nauyi daidai: na farko da ke kusa da fuskar ɗauri yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku, na can ƙarshe kuma kusan a zaune suke. Lissafin filin yanka yana ɗauka cewa kafin a saki, haƙoran farko za su ɗan miƙe su miƙa wa na baya kaya. A ƙarfe mai danƙo haka ne. A mai gautsi kuwa na farko yana iya tsagewa kafin na goma ya ji komai, sai su riƙa bin juna.

In wuri bai ba da damar zurfi ba, akwai sauran hanyoyi: a sa zoben waya irin na Helicoil ko wani abin cusawa mai tiredi ciki da waje, wanda ke mayar da yankan zuwa kauri mafi girma a jikin alminiyam, a ƙara kaurin bangon rami, a sauko da ajin bol a ƙara yawansu, ko a huda ya ɓulle a sa noti. In ka sa abin cusawa, lissafi biyu za ka yi, na bol da abin cusawa, da na abin cusawa da uwar ƙarfe.

Yaushe ake buƙatar FEA

Idan siffar ta fita daga abin da ƙa'ida ta sani: tiredi na musamman, bango siriri a gefe ɗaya, nauyi mai lanƙwasa, roba, ko zafi mai canzawa. Fara da zane mai fuska biyu da ake juyawa a kan sanda ɗaya, kowane haƙori ya zama zobe. Ya yi watsi da karkatar tiredi, amma ga nauyin ja yana ba da amsa mai kyau cikin ɗan lokaci. Zana haƙoran da mafi munin awo kamar yadda muka yi a sama, ba da siffar da manhajar zane ta fitar ba. Sa gogayya tsakanin fuskoki, ka kuma ba ƙarfen halinsa na bayan miƙewa, domin lissafin da ya ɗauka ƙarfe kullum yana komawa yadda yake zai nuna wani mahaukacin matsi a gindin haƙori na farko wanda ba ya nufin saɓulewa. Gindin namijin tiredin mita yana da lanƙwasa da ba ta gaza 0.125 na tazara ba, ka sa ragar lissafi, wato ƙananan yankunan da aka gutsuttsura siffar, ta yi ƙanana sosai a wurin, ka riƙa ƙara mata ƙanƙanta har amsa ta daina motsi. Abin da za ka karanta shi ne zanen nauyi a kan motsi: ƙololuwarsa ita ce nauyin saɓulewa. Ganin haƙora suna yankewa a allo yana buƙatar tsarin lalacewa irin na Johnson da Cook, kuma lambobinsa sai da gwajin kayan. Wata dabara da wasu manhajoji ke da ita ta kwaikwayon tiredi a kan santsin sanda tana da kyau wajen rarraba nauyi a babban inji, amma ba ta hango saɓulewa.

Abin da ba ya cikin wannan lissafi

Tiredi ya tsira ba yana nufin ɗauri ya tsira ba. Nauyi mai zuwa yana komawa yana gajiyar da ƙarfe, kuma kusan kashi 65 cikin 100 na irin wannan karaya a haƙorin farko na kamu take faruwa. A VDI 2230, matakin R9 ke duba wannan. Ga M10 da aka murza tiredinsa kafin a gasa shi, iyakar kaɗawar matsi kusan MPa 51 ce kawai, kuma hawa zuwa babban aji ba ya ƙara ta wani abin kirki. Kwancewa saboda girgiza ta gefe, wadda Gerhard Junker ya bayyana a 1969, gwaji take buƙata. Gautsin da haidirojin ke sa wa bol masu tauri irin 12.9 bayan rufin lantarki ma ba ya fitowa a allo.

Manhaja kuma ba ta san abin da aka ɗaura a zahiri ba. Ranar 10 ga Yuni 1990 gilashin gaban jirgin British Airways mai lamba 5390 ya fice a sama, iska ta fizgi matuƙin har rabin jikinsa ya fita, Allah ya yi da sauran kwanansa. Bincike ya gano cewa 84 daga cikin bol 90 da aka sa sun gaza kaurin da ake buƙata da milimita 0.66, sauran 6 kuma sun gaza tsawo da milimita 2.5. Ba ta san lalacewar shekaru ba kuma. Ranar 31 ga Janairu 2000 jirgin Alaska Airlines mai lamba 261 ya faɗa teku a gaɓar Kalifoniya, mutum 88 suka rasu, kuma hukumar binciken sufuri ta Amurka ta danganta haɗarin da cinyewar tiredin notin da ke juya fiffiken wutsiya saboda ƙarancin giris. Ga tiredin da ke motsi ko wanda ake yawan kwancewa ana ɗaurewa, sai ka sake lissafin da haƙoran da suka sirance zuwa iyakar da aka yarda, ka ga ko har yanzu suna riƙewa.

Mataki na ƙarshe: karya wasu da gangan

Gani ya kori ji. Samo guntayen ainihin kayan da za a yi aiki da su, daga zubi ɗaya in zai yiwu, a huda a yanka da ainihin taf ɗin wurin aiki. Yi ramuka masu tsawon kamu daban-daban, misali milimita 8, 10, 12, 14 da 16 ga misalinmu na M10, kowane tsawo aƙalla guda biyar. Ɗaure kowanne a kan faranti mai tauri har wani abu ya saki, ka rubuta murɗin da abin da ya lalace. A gajerun ramuka tiredi zai saɓule, a dogaye bol zai karye, a tsakiya kuma za ka ga gauraye. Wannan mahaɗa ita za ka kwatanta da abin da manhaja ta faɗa. Tunda ka ciyar da ita mafi munin awo, ya kamata mahaɗar gwaji ta zo ƙasa da tata. In ta zo sama, wani abu da ka shigar ba daidai ba ne, kuma ƙarfin yankan uwar ƙarfe ne farkon abin zargi. Ka tsaga ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda bol ya karye a cikinsu, a tsaye, ka duba haƙoran farko da gilashin ƙara girma ko sun fara sunkuyawa.

Bayan haka sai a mayar da komai kan zanen aiki, domin mai huda da mai ɗauri ba za su buɗe manhajarka ba: girman tiredi da ajinsa, faɗin huda, zurfin cikakken tiredi daban da zurfin rami, iyakar fiƙen baki, aji da tsawon bol, irin rufinsa, a bushe za a ɗaure ko da mai, wane mai, da adadin murɗi.